Laraba da dare: adalci, amana da lafiyar ma'aurata

Yau tunanina ya tsaya kan binciken da Janice Kiecolt-Glaser da abokan aikinta suka wallafa a 2005 daga Jami'ar Jihar Ohio a Amurka. Ma'aurata 42 suka ɗauka, suka yi wa kowa 'yan ƙananan bororo a hannu, sannan suka sa su tattauna abin da ya saba haɗa su faɗa. Masu gatse da wulaƙanta juna, saurin warkewar raunukansu bai wuce kashi 60 cikin 100 na sauran ba, kuma washegari da safe sinadaran kumburi sun fi yawa a jininsu. Kowa ya yi gardama a ɗakin nan, salon gardamar ne ya bambanta su.

Mafi yawan wannan gatsen daga jin an cuce ka yake tasowa. A ganina mutane na kuskuren ɗaukar adalci a matsayin rabin aiki naka, rabi nawa. Abin da ke ci wa mutum rai shi ne wahalar da ba a gani: tuna ranar rigakafin yaro, tashi cikin dare, lissafin kuɗin da zai kai ƙarshen wata. Shi ma wanda rabon ya fi yi wa daɗi ba ya tsira, domin kunya da kare kai suna hana shi sakewa. Gyaran ba wuya. A zauna da takarda, kowa ya rubuta duk abin da yake yi a mako, har da na tunani, a musanya takardun. A ba kowane aiki mutum ɗaya daga farko har ƙarshe, don "zan taya ki" yakan bar nauyin tunawa a kan mai aikin.

Amana kuwa ƙananan alkawura ke gina ta. Bashin da aka ɓoye ya fi bashin kansa ɓarna, saboda ranar da ya tonu, duk maganar baya sai an sake auna ta.

Idan magana ta yi zafi, John Gottman, masanin halayyar ɗan Adam mai nazarin zaman aure, ya lura cewa bugun zuciya kan haura 100 a minti, kuma a lokacin kunne ba ya ɗaukar komai. A dakata aƙalla minti 20, amma a faɗi lokacin da za a dawo kan zancen. In ba a faɗa ba, ɗayan zai ɗauka guduwa aka yi.