Asisi, garin ɗan mai yadin da ya guje wa kuɗi

Takalma na je sarowa Italiya, ba yawon buɗe ido ba. Da kayan suka yi jinkiri, Fada ya ce ba zai bar ni ina zaman dirshan a otal ba. Limamin cocin Katolika ne, maƙwabcinmu tun a Kaduna, tare muka yi firamare, yanzu yana ƙaro karatu a birnin Rum. Ya ce, "Alhaji, gobe zan kai ka gidan wani ɗan kasuwa ɗan'uwanka."

Tafiyar awa biyu da 'yan kai ce a jirgin ƙasa. Tashar tana ƙasa a fili, garin Asisi kuwa yana can maƙale a jikin dutsen Subasiyo, sai an hau bas. A cikin bas ɗin Fada ya fara ba ni labarin Waliyyi Faransis, wanda aka haifa a 1181 ko 1182. Ubansa Piyetro Barnadone attajiri ne mai fataucin yadi zuwa Faransa, abin da ya sa ma ya laƙaba wa yaron wannan suna ke nan. Ɗan gata ne, ɗan kwalisa, mai ɓarin kuɗi a kan abokai. A 1202 ya shiga yaƙin da garinsu ya yi da Peruja, aka kama shi, ya yi kusan shekara a tsare. Tun da ya dawo duniya ta fara fita daga ransa. Kiristoci sun yi imani cewa a wani rusasshen coci, San Damiyano, ya ji murya ta umarce shi ya gyara ɗakin Ubangiji. Sai ya shiga shagon ubansa ya kwashi yadi, ya kai kasuwar Folinyo ya sayar har da dokin da ya hau, ya kawo kuɗin coci.

Nan na tsayar da shi. Na ce, "Fada, tsakani da Allah, da sanin uban?" Ya ce a'a. Na ce to ni in ɗana ya kwashi bandiran shadda a shagona na Kwari ya kai masallaci ba da izinina ba, ranar sai an raba mu. Fada ya yi dariya har wata tsohuwa ta waiwayo. Ya ce ai uban ma kulle shi ya yi a gida, uwar ta buɗe shi. Da aka kai ƙara gaban bishof, yaron ya mayar da kuɗin, ya tuɓe kayan jikinsa kaf ya ajiye wa uban, ya ce daga yau ba shi da uba sai na sama.

Akwai mutum-mutumin iyayen biyu a gaban cocin da aka gina a inda ake cewa gidansu yake. Uwar tana riƙe da sarƙa, uban da tufafin. Jama'a sai wucewa suke zuwa ɗan ɗakin da aka kulle yaron, ni kaɗai na daɗe a gaban uban. Mutum ya sha sanyin hanya shekara da shekaru yana tara wa magaji, magajin ya kunyata shi a bainar jama'a. Har yanzu ban ga laifinsa ba.

Babban cocin da aka binne Faransis hawa biyu ne, coci a kan coci, kabarin yana can ƙasa. A 1228 aka fara gininsa, shekara biyu bayan rasuwarsa. Ba a biyan ko sisi a ƙofa, abin da ya ba ni mamaki a ƙasar da ban ɗaki ma sai ka biya. An hana ɗaukar hoto, mace mai buɗaɗɗiyar kafaɗa sai ta yafa wani abu, kuma da surutu ya tashi za ka ji an tsawatar. Fada ya nuna mini inda rufi ya rufta a girgizar ƙasa ta 1997, mutum huɗu suka rasu. Zane-zanen bango dai na bar wa masu su.

Rigarsa ce ta tsayar da ni. Tana shimfiɗe cikin gilashi, ulu ne mai kaushi, launin toka, ba rini, faci a kan faci, wani ɗinkin ma da ka gani ka san ba na tela ba ne. Na duƙa ina bin saƙar da ido kamar zan taya. Ko a gwanjo ba za a karɓe ta ba. Talaka in ya sa tsumma rashi ne ya sa shi, amma wannan yaron a cikin yadi ya buɗe ido, ya san na kirki da taɓawa ɗaya, shi ya zaɓi wannan har mutuwa. Mu ma muna da masu zuhudu a tarihi, sai dai ban taɓa ganin rigar ɗayansu ido da ido ba.

Kusa da ita akwai ƙaho na hauren giwa, wanda aka ce kyautar Sarkin Masar ce. A 1219, ana tsakiyar yaƙin 'yan Salibiyya a Dumyaɗ, Faransis ya tsallaka sansanin Musulmi ba makami don ya yi wa Sultan Malikul Kamil wa'azi, ɗan ɗan'uwan Salahuddin ke nan. Sarkin ya saurare shi, ya sauke shi 'yan kwanaki, ya sallame shi lafiya. Ba wanda ya bar addininsa. Fada ya taɓa ni ya ce, "Alhaji, ni da kai."

Ƙungiyar da ya kafa, Ƙananan 'Yan'uwa, da mutum goma sha biyu ta fara. Fafaroma Inosent na Uku ya amince musu da baki a 1209, rubutacciyar doka ta tabbata a 1223. Dokar ta hana su taɓa kuɗi: su yi aikin ƙarfi, in ba a biya su da abinci ba, sai su yi bara ƙofa-ƙofa. Na ce wa Fada ashe Turai ma ta yi almajirai. Har yau suna nan da rigarsu da igiya mai ƙulli uku a ƙugu, na talauci da rashin aure da biyayya, ko da yake na ga wani yana latsa waya.

Amma fa garin mai gudun kuɗi ya iya cin kuɗi. Titin da ke gangarowa daga cocin shaguna ne jere. Na so in saya wa mahaifiyar Fada ɗan gicciyen katako, na taya, mai shagon ta fizge abinta ta nuna mini takardar farashi da yatsa, ko kallona ba ta sake yi ba. A Kwari ko ba ka saya ba a ba ka kujera da ruwa. Kofi in ka sha a tsaye kuɗinsa daban, in ka zauna daban, a gidan abinci kuma har zaman teburin ana caja. Na daina bugawa da naira don kada hawan jini ya kama ni.

Wata dattijuwa mai ɗan gidan abinci a lungu ce ta wanke musu laifi. Da Fada ya gaya mata ba na cin alade, ta gasa mini irin gurasarsu, torta al testo, ta cika ta da ganye da cuku. Da azahar ta yi, ta share mini ɗakin ajiyarta na yi salla, ta ƙara mana inabi a leda ta ƙi karɓar kuɗinsa.

Da yamma muka leƙa cocin Kilara, 'yar masu sarautar da ta gudu daga gida a 1212 ta bi Faransis, ta kafa ɓangaren mata. Sai Porsiyunkola kusa da tasha, ɗan ƙaramin ɗakin ibada da aka gina ƙaton coci a kansa, nan gefensa ya rasu ranar 3 ga Oktoba, 1226. Ƙafafuna sun riga sun kumbura, na yi barci har Rum. Takalman sun fito ranar Talata, an ƙara musu kuɗi.