Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Lallen Amarya

A makon jiya na tsaya a daren da Kawu ya shigo da labarin baƙin da suka sauka a garinmu Garwa, a ƙasar Kamaru, za su yi fim, suna cigiyar tela mace mai jin Hausa da Fillanci da ɗan Faransanci. Yau daga nan zan ɗora.

Inna ba ta so ba. Wata bakwai ke nan da mutuwar aurena, kuma a unguwarmu ta Hausare bakin mutane ba ya hutawa a kan bazawara. Kawu ya zauna a gefen tabarma ya ce, "Adda, ɗinki za ta yi musu, ba rawa ba. Ni zan kai ta a babur, ni zan dawo da ita." Inna ta daɗe tana jan carbi kafin ta ce, "To, amana ce na ba ka." Haka na fara, a watan Fabrairun 2012, sanyi yana bankwana, zafin Garwa yana leƙowa.

Abin da na sani game da fim a lokacin bai wuce faifan Kano da muke saya a babbar kasuwa ba. Ban taɓa shiga silima ba. Waɗanda suka rage a ƙasar ma, a Yawunde da Duwala da Bafusam, an rufe su tun 2009. A tunanina fim shi ne 'yan wasa da mutum ɗaya mai riƙe da kyamara. Da muka isa gidan da aka ara, bayan sallar asuba, sai na tarar da mutane sun fi 30, 'yan wasan cikinsu huɗu kacal. Ga akwatunan ƙarfe jibge a ƙofar gida, an kawo su ta jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Ngaundere inda dogo ya ƙare, daga nan mota ta ƙaraso da su.

Wanda ya fara karɓata shi ne wanda suke kira rejisa, wani siririn mutum mai waya biyu da ba ya zama. Shi ya je fadar Lamido gaisuwa, shi ya zauna da jauron unguwa, shi ke da lissafin man janareta da ruwan sha da tukunyar abincin rana. Idan maƙwabci ya tashi sara itace ana tsakiyar ɗauka, shi ke zuwa da goro ya ba da haƙuri. Darakta kuwa, wanda na zaci zan ji muryarsa tun daga titi, shiru-shiru ne, idonsa a kan wani ƙaramin allon talabijin. Mataimakinsa ne mai tsawa. Shi zai ce "Silans!" da Faransanci, unguwa ta yi tsit. Ya ce "Motar!", wato a kunna na'ura, mai sauti ya amsa "Sa turn!", wato tana aiki. Sai wani yaro ya shigo gaban kyamara da allo mai baki kamar almakashi, ya faɗi lamba, ya buga shi ƙwas. Kwana biyu ina ɗauka al'ada ce kawai, sai aka fahimtar da ni cewa hoto da sauti a na'ura daban-daban ake naɗar su, wannan ƙarar ce mai tace fim zai nema ya haɗa bakin ɗan wasa da muryarsa. Hoto 24 ne ke wucewa a cikin daƙiƙa ɗaya, in aka kuskure kaɗan mai kallo zai ga baki yana motsi magana tana biye.

Akwai kuma wani da ya burge ni don kayan aikinmu iri ɗaya ne. Da awo yake yawo. Zai ja shi daga idon kyamara zuwa fuskar 'yar wasa, ya manna alama a ƙasa, ya rubuta. Aikinsa ke nan, kada fuska ta dishe in mutum ya matso ko ya ja baya.

Na shiga da ganin cewa ɗinki ɗinki ne, sai na tarar kowa yana da ta cewa a kan zaren da na ɗinka. Mai ɗaukar hoto ya ƙi wata farar shadda da na yi wa ango, ya ce tana haske har tana cinye fuska, sai da na jiƙa ta a ruwan shayi ta ɗan yi duhu. Ya ƙi wani yadi mai ƙananan ratsi, ya ce rawa yake a kyamara. Rigar manomi kuwa biyu na ɗinka iri ɗaya, na wanke su sau da yawa na goga a dutse har suka tsufa, don tsohon kaya ake so, kuma in ɗaya ta yage kada aiki ya tsaya.

Mai sauti dattijo ne daga Njamena, Hausarsa gauraye da Larabci. Wata rana ya kira ni ya ce, "Ƙanwata, zo ki ji." Ya ɗora mini abin sauraronsa a kunne. Wallahi sai da na razana. Sabuwar shadda tana kuka kamar ana murza takarda, awarwaron amarya kamar ƙararrawa, ga babur can a titi kamar a cikin kaina. Yaronsa yana tsaye da doguwar sanda sama da kansa, makirifo a ƙarshenta sanye da gashi saboda iska, hannayensa suna rawa amma bai bari inuwarta ta faɗo cikin hoto ba. Tun daga ranar nake ɗinka ƙaramin aljihu a cikin wuyan riga inda za a ɓoye ɗan makirifo, nake kuma ɗaure awarwaro da zare ta ciki. Shi ne ya ba ni labarin ɗan ƙasarsu Mahamat-Saleh Haroun, haifaffen Abeshe, da ya karɓi kyautar alƙalai a bikin fina-finai na Kan a Faransa a 2010, da yadda aka sake buɗe silimar Normandie a Njamena a 2011. Yana faɗa idonsa yana ƙyalli kamar ɗansa ne.

Amma wadda ta shiga rayuwata ita ce matar da kowa ke kira Madam. A Kano mai aikinta kontinuiti ake ce masa, su kuma sikirit suke cewa. Kullum tana zaune kusa da darakta da babban littafi da agogo a wuya da ƙaramar kyamara. Ita ce ƙwaƙwalwar fim ɗin. Ba a jere ake ɗaukar labari ba: duk abin da ya faru a gida ɗaya, ko a farkon labari yake ko a ƙarshe, a tare ake gama shi kafin a kwashe kaya. Mutum zai fita daga ƙofa yau, sai bayan mako biyu a ɗauki shigarsa ɗakin da ke bayan ƙofar. Ita ce za ta tuna a wace kafaɗa mayafi yake, shayi ya kai ina a kofi, da wane hannu aka riƙe buta. Ta ce mini, "Duk abin da ke jikin amarya ki rubuta." Na ce to.

A makon farko aka ɗauki biki. Matan unguwarmu ne suka cika tsakar gida, ni na kawo mai lalle daga layinmu, ta zana wa amarya ja da baƙi har gwiwar hannu. Na rubuta atamfa, ɗankwali, sarƙa, takalmi. Lalle ban rubuta ba. A raina ba sutura ba ce, aikin mai kwalliya ne. Ita kuma mai kwalliya ta ɗauka tun da ni na kawo mai lallen, a hannuna yake.

Bayan kwana 12 muka koma wani gida a wajen Pitowa don ɗaukar safiyar da ta biyo bayan daren biki. An tashi tun duhu saboda hasken hantsi ake so. Masu lantarki sun ja waya sun kai janareta can bayan dangar dawa don kada ƙararsa ta shiga, an kafa fitilu, an yi awo. Amarya ta zauna ta miƙa hannu za ta ɗauki ƙwarya. Sai na ga Madam ta dubi kyamararta, ta dubi hannun, ta miƙe tsaye. Baƙin ya goge saura inuwa, jan ya koma ruwan ƙasa, farce ya tofo fari daga gindi. Amaryar da aka yi wa lalle jiya a labari, hannunta na mai mako biyu ne.

Jikina ya yi sanyi. Mutum 30 suna tsaye, mai yana ƙonewa, rana tana hawa, kuma na san a ina ramin yake. Ban jira a tambaya ba, na ce, "Madam, laifina ne." Ba wanda ya ɗaga mini murya. Mataimakin darakta ya buɗe takardar tsarin ranar, ya dawo da fitowar ango da mahaifiyarsa gaba. Rejisa ya tafi wajen maigidan roƙon ƙarin kwana. Kawu ya tayar da babur ya koma Garwa, kafin azahar ya dawo da mai lalle a bayansa. Madam ta riƙe mata hoton, ni na riƙe hannun amarya, ta bi zanen fure bayan fure har inda wani layi ya ɗan karkace a wancan karon, shi ma ta karkatar da shi. Amarya ta kwana da hannu a naɗe. Washegari da hantsi aka ɗauka, fitowar da ba ta kai minti ɗaya ba.

Da yamma ina ninke kaya ina share hawaye da bakin mayafi, sai Madam ta zo ta zauna a kan akwati kusa da ni. Ta ciro sabon littafi mai baƙin bango ta ja layi uku a shafin farko: lambar fitowa, ranar labari, ranar ɗauka. Ta ce, "Gobe ki kawo kujerarki kusa da tawa." Na kai littafin gida na nuna wa Inna, ta juya shi a hannu, ta tambaye ni ko sun ba ni abinci.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin makonni ukun da na yi a kan wannan kujera, da ranar da Madam ta kwanta zazzaɓi a bakin kogin Binuwai aka miƙo mini agogonta.