"Off the fan" da sauran rigimar ƙananan kalmomin turanci

Jiya bayan isha'i ina kwance kan tabarma a tsakar gida nan Tudun Wada, an kawo wuta kenan kowa ya ruga ya jona caji, sai 'yar yayata da ke shirin rubuta JAMB ta fito da littafin tambayoyin shekarun baya tana ta jan tsaki. Nace ke lafiya? Tace Kawu ni wallahi turancin nan ya isheni, kalma ɗaya ce fa "put" amma an jero min "put off", "put out", "put up with", kowacce da tata ma'anar kuma babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Ban ma buɗe baki ba ta leƙa ɗaki ta ce wa ƙaninta "off the fan". Dariya ta kusa shaƙe ni, don abin da take kuka da shi ne ta aikata yanzun nan, ta jefar da aikatau ɗin ta riƙe wutsiyarsa. Bature "turn off" ko "switch off" zai ce, "off" ita kaɗai ba aiki ba ce a wajensa, mu ne nan Najeriya muka ba ta wannan muƙamin.

Su waɗannan ake kira phrasal verbs, wato aikatau ne zai ɗauko wata 'yar ƙaramar kalma irin su up, off, out, in, after su haɗu su haifi sabuwar ma'ana. Kuma ba mu ne farkon waɗanda suka wahalar ba, tun 1755 Samuel Johnson da ya rubuta shahararren ƙamus ɗin nan na turanci ya faɗa a gabatarwarsa cewa irin wannan haɗin shi ya fi komai ba baƙi wuya.

Toh ni abin da na ce mata, wanda kuma nake ganin da malamanmu na sakandare sun fara da shi da an huta, shi ne Hausa ma tana yin wannan aikin, kawai dai mu a cikin jikin aikatau ɗin muke yi. Ɗauki "ci". Ka ci tuwo, ka cinye tuwo, ai ba ɗaya ba ne, na biyun ko loma ba a bari ba. To wannan "nye" ɗin shi ne "up" ɗin Bature, "eat" da "eat up", sha da shanye "drink" da "drink up". Zuba da zubar, "pour" da "pour away". Fita da fito, inda wasalin ƙarshe kaɗai ke gaya maka ko mutum nesa da kai ya yi ko wajenka ya nufo, su sai sun ce "go out" da "come out". Masu karanta Hausa a ABU can Samaru sun san wannan a matsayin giredin aikatau guda 7 da F. W. Parsons ya tsara a 1960. Sannan ga waɗanda ma'anar ta gudu gaba ɗaya, ci amana, ci bashi, sha kaye, sha alwashi. Wa ya taɓa tauna amana? Amma ba ka taɓa jin yaro a Ƙofar Doka ya rikice ba, don a dunƙule ya koye su. "Give up" ma haka ne, babu kyauta a ciki babu sama, saduda ce kawai.

Inda ake faɗuwa a jarrabawa shi ne wurin zaman karɓau, wato abin da aikin ya faɗa a kansa, kamar "the fan" a cikin "turn off the fan". Idan ƙaramar kalmar bayanau ce, wato adverb mai ƙara bayani kan aikatau, ana iya raba ta da aikatau ɗin: "turn off the fan" daidai, "turn the fan off" ma daidai. Amma da zarar wakilin suna ya shigo, irin it, him, them, dole ne ya shiga tsakiya, "turn it off". Kar ka kuskura ka ce "turn off it". Idan kuwa kalmar irin wadda ke jan suna a bayanta ce, wadda suke kira preposition, to ba a raba ta da aikatau ko ana ha maza ha mata: "look after the baby", "look after her", babu wani "look her after". Na sa ta gwada da "pick up", ta ce "pick it up", na ce yauwa, "run into", ta ce "run him into", nace a'a kin kaɗe bawan Allah, "I ran into him" ne, wato kun yi kiciɓis.

Akwai masu ƙafa uku kuma, aikatau da bayanau da preposition, "put up with" jurewa, "run out of" ƙarewar abu, "look forward to" ɗokin abu. Waɗannan a manne suke. Na ƙarshen nan yana cin mutane a wasiƙar neman aiki, don "to" ɗin nan preposition ce, ba irin wadda ke zuwa gaban aikatau kamar ta "to go" ba, "I look forward to hearing from you" ake cewa, ba "to hear" ba. Ni kaina na yi shekaru ina rubuta shi ba daidai ba, babu wanda ya gyara min.

Namu na gida ma abin dariya ne. Mai gabatarwa a wajen taro ya ce "let me round up", alhali "round off" ne kammalawa, "round up" aikin 'yan sanda ne in sun yi kame. "Cope up with" kuwa babu shi, "cope with" ne. Ɗan bautar ƙasa zai rubuta "I passed out today" yana murna, wannan turancin sojan Ingila ne kuma daidai ne, amma abokinsa na Amurka zai ɗauka suma ya yi. "She took in" a bakinmu ciki ne ta samu, su can ba za su gane ba sam.

Abin da ke ba ni haushi, mun fi son manyan kalmomi, mu ce "postpone", "tolerate", "extinguish" muna ganin shi ne gogewa. Waɗannan daga Latin suke, da yawan irinsu ta Faransanci suka shigo bayan Normawa sun ci Ingila a 1066, kuma a takardar ofis suna da wurinsu. Amma Bature a kicin ɗinsa "put off", "put up with", "put out" yake cewa, shi ya sa mai digiri zai kunna fim ɗin turanci ya ji kowace kalma ya san ta amma zancen ya wuce shi.

Muna cikin haka fanka ta tsaya cak, unguwa ta yi duhu, yara a waje suka yi ihu. Nace to fassara min, an ɗauke wuta. Tace "they have taken light". Nace sake dai. Ta yi shiru can ta ce "the power has gone... off?" Nace ko "out", duk an yarda, tashi ki ɗauko min mafici.