Na gina suwimin ful a bayan gida, sai da anka fasa tayil ɗin duka

Har yau in na tsaya bakin ful ɗin nan na kalli layin tayil na ƙasa sai raina ya sosu, duk da yanzu alhamdulillahi ruwa na zama, yara na wankansu lafiya lau. Kuɗin da na yi asara a wurin ga da wata biyu na ɓacin rai abu guda ne ya jawo su, kuma ni da bakina na amince da shi, babu wanda ya tilasta mini.

Wanda ke zaune Sakkwato ba sai an ba shi labarin zafin Maris da Afrilu ba, rana ta kai maki 43 ko 44, ruwan tanki ya zama kamar an dafa shi, fanka ma iskar zafi take hurowa. 'Yan matana sun fara girma, ni kuma ba zan kai su wurin wanka na otal ba inda kowa da kowa ke shiga, to ga fili a bayan gidana nan Arkilla ba a komai da shi, sai munka yi shawara da maman yara cewa a yi ɗan ƙarami, tsawo mita 6, faɗi mita 3, zurfi ya fara daga mita 1.2 ya gangara zuwa 1.5. Ɗan kwangilar kuwa, wani yayana ne ya haɗa ni da shi, mutum ne da ya daɗe shina gini, ya yi tankunan ƙasa da sokawe ba adadi, ya ce mini ya taɓa yin ful har guda biyu. Ban je na ga ko ɗaya ba, ban ma tambayi a wace unguwa suke ba.

Munka fara a Janairun 2024. Haƙa da ɗaurin rodi ba ni da abin cewa, ƙasar wurin marmara ce ta ba leburori wahala amma sun gama, anka zuba kankaren ƙasa rana ɗaya. Sai siminti ya yi tashin nan na watan Fabrairu da kowa ya sani, buhu ya haura dubu goma, mu da ke da kamfanin siminti nan Kalambaina kusa da mu ma ba mu tsira ba. Na ce a dakata ko zai sauka, aiki ya tsaya sama da sati biyu, kankaren ƙasa ya bushe ƙamas cikin iskar hunturu, ƙura ta kwanta a kai, sannan anka dawo anka kafa katako anka zuba bango a samansa. A lokacin ban ga wani abu a nan ba wallahi, ai haka ake ginin gida, a yi ƙasa yau a ɗora bango wani satin. Ban san cewa a abin da zai riƙe ruwa wannan mahaɗar ta tsohon kankare da sabo ita ce wurin da ya fi ko'ina hatsari ba, kuma akwai wata roba mai faɗi da ake binnewa rabi a cikin kankaren ƙasa rabi a cikin bango don ta tare ruwa daidai wurin. Ba a sa ta ba. Ko goge wurin a fasa fuskarsa da kurfi don sabon kankare ya kama ba a yi ba.

Wannan laifin ɗan kwangilar ne, amma da na yi abin da ya kamata da an gano tun kafin a kashe kuɗin tayil.

Azumi ya kama 11 ga Maris, ma'aikata daga bayan asuba zuwa ƙarfe sha ɗaya sun tashi, kuma ba ka ganin laifinsu. Ni kuma na riga na sa a raina cewa ranar Sallah 'ya'yan 'yan uwa za su zo su shiga ruwa, har na faɗa wa yara suna ta lissafin kwanaki. Da anka gama filasta sai mutumin ya zo ya same ni bayan la'asar ina zaune a gareji, ba zan manta ba, ya ce, "Alhaji, ƙa'ida dai a cika shi da ruwa a bar shi kwana bakwai a gani, sannan a kwashe a jira ya bushe a sa tayil. Amma in anka yi haka hwa sai bayan Sallah. Ni dai aikina ba ya yoyo." Na yi lissafi, ful ɗin zai ci kusan lita dubu 24, tanka mai lita dubu goma sai ta yi sawu uku ke nan, ga kuɗin ruwan tanka ya hau tun da anka cire tallafin mai, bohol ɗin gida kuma in na ce da shi zan cika sai gida ya kwana biyu ba ruwa cikin azumi. A cika, a zubar, a sake cikawa, sawu shida. Na ce mishi, "Malam, tunda ka tabbata, a sa tayil kawai." Sawu uku na tanka na yi wa rowa, sawu uku kacal.

Tayil ɗin ƙanana ne masu ruwan bula da ke zuwa manne a jikin raga, daga Kano anka kawo su, su ne abu mafi tsada bayan rodi da siminti. Da anka gama anka cika ruwa kwana biyu kafin Sallah, gaskiya abin ya yi kyau, ranar 10 ga Afrilu gidan ya cika da yara, na ji daɗi ƙwarai, har na cika mishi kuɗinshi kusan duka, ɗan abin da ya rage a hannuna bai kai kashi goma cikin ɗari ba.

Sati bai zagayo ba na lura ruwa na sauka. Na kira shi ya ce, "Alhaji rana ce ka shan shi, ai ka san garinmu, ga yara suna fantsalarwa." Kuma maganar ta shiga hankali, don a Afrilu ko wanki ka shanya kafin ka juya ya bushe, sai na ci gaba da ƙarawa daga bohol kullum da safe, har sati uku ina haka ina lallashin kaina. Abin da ya tayar mini da hankali ciyawa ce. Tsakanin ful ɗin da katangar maƙwabcina akwai ɗan lungu da ba a yi wa daɓe ba, wata safiya na zagaya sai na ga ciyawa kore shar ta tsiro a jere, a Sakkwato, farkon Mayu, ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba. Na tura yatsa cikin ƙasar na ji ta da danshi har da sanyi, gindin katangar kuma ya yi duhu ya fara fitar da wani farin abu kamar gishiri. A nan gabana ya faɗi, don yanzu magana ta wuce ful, ta koma katangar mutum da haƙƙin maƙwabtaka.

Na kira wani abokina injiniya da munka yi makaranta tare, wanda tun farko shi ya kamata na kira, amma na ga kamar aikin bai kai a ɗauko injiniya ba. Bai zo da wata na'ura ba, bokiti ya ce a ba shi. Ya zuba ruwa a ciki ya ajiye a kan matakalar ful ɗin yadda rabinshi ke cikin ruwa, ya ɗora dutse don kada ya kife, ya yi alama da maka a cikin bokitin daidai bakin ruwa, ya yi wata a jikin tayil, ya ce a kashe famfon da ke juya ruwan ful ɗin kada kowa ya shiga sai gobe war haka. Hikimar ita ce rana ɗaya ce ke dukan su biyun, abin da rana ta sha a bokiti shi za ta sha a ful, duk abin da ya ƙaru a kai to ƙasa ce ta sha. Washegari munka auna da tef, bokiti ya sauka wajen santimita 1, ful ya sauka 5. Ya ce faɗin ruwanka murabba'in mita 18 ne, duk santimita ɗaya lita 180 ke nan, huɗun da sunka ƙaru lita 720, kusan jarka 30 kullum tana shiga ƙarƙashin gidanka da na maƙwabcinka.

Sannan ya aika anka sayo kalar abinci ja irin wadda ake sa wa kek, da sirinji. Ya shiga ruwan a hankali ya jira ya lafa, ya riƙa ɗiga kalar kusa da bakin bututu ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya wuri ɗaya kamar hayaƙi tana bajewa, ba komai. Da ya nutsa ya ɗiga a kusurwar da bango ya haɗu da ƙasa ta ɓangaren mai zurfi, ina tsaye a sama ina kallo, jar kalar nan ta miƙe ta zama siririya kamar zare ta shige tsakanin tayil ta ɓace. Ya matsa gaba ya sake, haka, ya sake, haka, kusan duk tsawon bangon. Ya ɗago ya share fuska ya ce, "Ka cika shi kafin tayil?" Na ce a'a. Bai ƙara magana ba, ni ma ban iya cewa komai ba.

Mutane da yawa suna zaton tayil ne ke riƙe ruwa, ni ma haka na zata. Tayil ado ne da sauƙin wankewa, ruwa na bi ta tsakaninsu ya wuce, abin da ke riƙe ruwa kankaren ne da maganin hana yoyo da ake shafawa a kai. Namu wai an zuba garin maganin a cikin filasta, shi ke nan, ba a shafa komai ba.

Rigima da ɗan kwangila ba na son tuna ta. Kwana huɗu ba ya ɗaukar waya, sai da na bi ta hannun yayan nawa anka zauna a zaurenshi bayan isha'i. Na ce bai sa roba ba, bai shafa magani ba, ya ce shi ma ai ya kawo maganar gwaji Alhaji ne ya ce a wuce. Kuma gaskiya ya faɗa, wannan ce ta ɗaure ni, ga shi babu takarda ko ɗaya tsakaninmu da ta ce ga abin da za a sa ga abin da za a sa, jimillar kuɗi kawai munka yi da baki, ragowar da ke hannuna kuma ba ta kai ta sa mutum ya dawo dole ba. Yaya ya ce, "To ku raba, shi ya kawo ma'aikata kyauta, kai ka sayi kaya." Haka anka yi.

Ranar da anka fara fasa tayil ɗin ban iya tsayawa ba, ƙarar kurfi da guduma kawai nake ji daga ɗaki, ƙaramar ɗiyata ta zo tana tambaya "Baba don mi ake fasawa". Na so a tsaya a layin ƙasa kawai, injiniya ya ce tunda babu magani a ko'ina gara a yi sau ɗaya a huta, kuma irin ƙananan tayil ɗin nan in sun fita ba sa komawa, a baro anka kwashe su anka zubar. Anka sassaƙe mahaɗar anka yi rami a tsawonta, anka cike da siminti na musamman na toshe yoyo, anka zagaye kusurwar ta daina zama mai kaifi, anka shafa maganin hana yoyo sau biyu ko'ina har da kewayen bututu, ana rufewa da buhuna masu danshi don kada rana ta busar da shi da gaggawa ya tsage. Sannan anka cika ruwa a kan siminti tsura, kwana bakwai, bokiti na kan matakala, kullum bayan asuba ni ke zuwa da tocila in duba da kaina. Sai da alamomin biyu sunka tafi tare har kwana bakwai sannan na yarda anka kwashe anka sa sabon tayil. Gaba ɗaya tanka sawu tara na saya a maimakon shida, ga tayil sau biyu, ga gyaran gindin katangar maƙwabci wanda Allah ya saka mishi da alheri bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya.

Duk wanda ya zo gani ya ce shi ma zai yi, abin da nake gaya mishi ke nan, kada ka bari a manna tayil ko ɗaya sai ka ga ruwa ya kwana bakwai a ciki da idonka, ko Sallah gobe ce. Ka tara siminti da rodi da tsakuwa su cika kafin a fara zuba kankare don kada aiki ya tsaya tsakanin ƙasa da bango, in kuma dole sai an raba to ka tsaya a kai ka ga an binne robar nan. A rubuta komai a takarda da sunan maganin da sau nawa za a shafa, ka riƙe kuɗi mai kauri, wanda zai ji zafin barinshi, har sai ful ya yi wata ɗaya da ruwa. Kuma ka je ka ga aikin da ya ce ya yi a baya ka tambayi mai gidan ko yana ƙara ruwa kullum, iya sanin tankin ƙasa da sokawe bai isa ba, sokawe ma ai so ake ya tsotse ruwa.

Sauran abubuwa ana koyonsu a hankali, ƙurar hunturu da ke cika matatar yashi sai an riƙa wanke ta a kai a kai, tamfol na rufewa wanda ke rage ƙura da shan rana, kulorin, maganin tsabtace ruwa, da ake zubawa da yamma don rana na cinye shi, famfo da na mayar kan sola saboda wuta ba tabbas. Na kuma zagaye shi da waya da ƙofa mai kwaɗo saboda ƙaramar, makullin na wurin mamansu, wannan kam ban yi jinkiri a kai ba.

Bokitin na nan a ɗakin famfo da alamar makar a jikinshi, duk farkon wata nake ɗauko shi in ajiye a matakala in kashe famfo. Na yi shekaranjiya, bokiti santimita ɗaya, ful santimita ɗaya, sannan na zagaya lungun katanga na taɓa ƙasar, a bushe take.