Neman man bini-da-zugu a kudancin Mali

Daga Bamako zuwa Buguni kwalta ce, kusan kilomita 160, har gyangyaɗi na yi a mota. Da muka sauka kan jar hanyar Garalo kuwa, ƙura ta yi mana wanka. Abin da ya kai ni shi ne labarin da na daɗe ina ji, wai Garalo gari ne da aka kafa wa injinan wutar lantarki da za su iya shan man bini-da-zugu, itacen da Bambarawa ke kira bagani.

Tun kafin mu shiga gari na fara ganinsa jere a bakin gonakin auduga da masara, an yi shinge da shi, don ko akuya ba ta kusantarsa saboda dafi. Wani dattijo da muka tarar a gona ya ɓare mini busasshen ɗa guda, sai ga baƙaƙen ƙwayoyi uku. Na murƙushe ɗaya da farce, maiƙo ya ɓata mini yatsa. Ta bakin tafinta na ce, Baba, me ya hana ka cika gonar da shi? Ya yi dariya, ya nuna rumbunsa, ya ce ba a tuwo da bagani.

Ban ga laifinsa ba. Wajen 2007, lokacin da farashin man fetur ke ta hawa, an yi ta yayata cewa itacen nan na yi ko a ƙasar da ta mutu. Yana rayuwa kam, amma 'ya'ya sai da ruwa da taki, kuma sai an jira shekara uku ko huɗu. Ba ya nuna lokaci guda, da hannu ake tsinta. Sai an tara kusan kilo 4 na ƙwayoyin kafin a matse lita 1 ta mai.

A wurin matsa na ga man yana ɗiga, ruwan ɗorawa, ana tacewa. Haka ake zuba wa injin da aka gyara dominsa. Na mota kuwa sai an dafa shi da sinadarin metanol ya zama bayodizal, wato dizal na man tsiro. Tunkuzar ba ta dabbobi ba ce, gona ake mayar da ita taki.

Da za mu juyo, wata mata ta miƙo mini dunƙulen sabulun da ta yi da man bagani. Nata ƙwayoyin ba su taɓa zuwa wurin injin ba.