Farautar Ɓeran Ƙarshe a Tsibiri

Daren farko da na kwana a tsibirin ban runtsa ba, saboda wata ƙara da nake ji cikin busassun ganyaye kamar ana yayyafi, alhali sararin sama garau yake. Da na haska fitila sai na ga idanu birjik a ƙasa da kan rassa, kuma a gindin wata bishiya wani ɓera ya rungume ƙwan tsuntsun teku yana huda shi ta wajen tsininsa. Uwar ƙwan tana tsaye a gefe, tazarar da ba ta kai taku biyu ba, tana kallo kamar abin bai shafe ta ba. Ba ta kai masa sara ba, ba ta yi kuka ba, ba ta ma tashi ba. Wannan tsayuwar tata ta fi ɓarnar ɓeran damuna, kuma sai da na yi makonni kafin na gane cewa ba wauta ce ke damunta ba.

Na je wurin ne a matsayin ɗan sa-kai, cikin ayarin mutane ƙalilan da aka tura su kawar da ɓeraye daga wani ƙaramin tsibiri na yankin zafi, wanda babu mazauna a cikinsa sai masunta da kan yada zango jefi-jefi. Tsuntsun da zuriyarsa ta shafe dubban shekaru a ƙasar da babu dabba mai shayarwa da ke farauta a cikinta ba shi da inda zai koyi tsoron ɓera. A ƙasa yake sheƙa ko a cikin rami, da yawa daga cikin irinsa ƙwai ɗaya tak suke yi a shekara, kuma idan wannan ɗayan ya salwanta shekarar ta tafi ke nan. Ɓera kuwa cikinsa mako uku ne, yakan haifi 'ya'ya da dama a lokaci guda, su ma cikin wata uku sun isa haihuwa. Shi ya sa galibin tsuntsayen da aka tabbatar sun ƙare a duniya cikin ƙarnonin baya-bayan nan mazauna tsibirai ne. A tsibirin Lord Howe na Ostareliya, jirgin ruwa mai suna Makambo ya maƙale a gaɓa a 1918, ɓeraye suka sauka daga cikinsa, kuma cikin 'yan shekaru nau'o'in tsuntsaye biyar da babu irinsu a ko'ina suka shuɗe.

Na iso da tunanin cewa aikinmu kashe ɓeraye ne da yawa, kuma gwargwadon yawan gawarwakin gwargwadon nasararmu. Shugabar ayarin ta raba ni da wannan tunanin tun a safiyar farko. Ta ce idan muka kashe kashi 99 cikin 100 muka tafi, to mun ɓata kuɗi da guba da lokacinmu, domin mace ɗaya mai ciki ta isa ta mayar da tsibirin yadda muka same shi, an kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba. Saboda haka ba a ƙirga waɗanda suka mutu. Abin da ake tambaya shi ne ko akwai wani lungu a tsibirin da ɓera zai iya yawon darensa ya koma raminsa bai ci karo da abincin gubar ba.

Makonnin farko ko ƙwayar guba ba mu taɓa ba, adda da igiya da na'urar nuna wuri su ne kayan aikinmu. Mun yi ta sare layuka a cikin kurmi daga wannan gaɓa zuwa waccan, mita 25 tsakanin layi da layi, kuma a kan kowane layi ana kafa alama mai lamba duk bayan mita 25, ta yadda tsibirin ya koma kamar takarda mai gidaje-gidaje. An zaɓi ƙarshen rani ne da gangan, lokacin da 'ya'yan itatuwa suka yi ƙaranci, ɓeraye suna cikin yunwa kuma haihuwarsu ta ragu. Gubar, wadda ake kira burodifakum, tana hana jini daskarewa, kuma sai bayan kwanaki take kashewa. Wannan jinkirin shi ne amfaninta, domin ɓera dabba ce mai zargi: yakan ɗanɗana sabon abu kaɗan ya jira, idan ya ji ciwo nan take ba zai sake kusantarsa ba, amma idan kwana uku suka wuce lafiya lau sai ya ci ya ƙoshi.

Abokan gabar da ban yi tsammani ba su ne kaguwoyin tudu. Gubar ba ta yi musu illar a-zo-a-gani, amma suna son abincin, kuma da faɗuwar rana sukan fito tururuwa su share abin da muka zuba kafin ɓera ya iso. Dole muka ɗaga mazubin daga ƙasa, muka ƙara yawan abin da ake zubawa a wuraren da suka fi yawa, sannan aka roƙi masunta su daina cin kaguwar tsibirin na wani lokaci, tun da gubar tana zama a jikinta ko da ba ta kashe ta ba.

Kuskurena ya faru ne a gefen tsibirin da ke fuskantar iska, inda ƙaya ta sarƙe a kan wani gangare mai duwatsu masu kaifi. Rana ta take, ruwan gorata ya kusa ƙarewa, igiyar awo kuma sai maƙalewa take yi, don haka na naɗe ta na ci gaba da auna tazara da taku, na kuma ɗan kauce wa wurin da ƙayar ta fi duhu ina cewa a raina layin maƙwabcina zai rufe shi. Da dare, da aka ɗora bayanan na'urorinmu a kan taswira, sai ga wani fili mai siffar ƙwai a tsakanin layina da nasa, faɗinsa ya ninka abin da aka yarda da shi. Ba wanda ya ɗaga mini murya. Shugabar ta ɗora yatsa a kan wurin ta tambaye ni ɓeraye nawa nake jin za su iya rayuwa a cikinsa, na ce wataƙila biyu ko uku, ta ce to sun wadatar. Kwana biyu muka yi mu huɗu muna rarrafe cikin ƙayar nan don gyara abin da na tsallake cikin rabin sa'a, kuma da muka isa tsakiyarta mun tarar da ramuka da tarin ɓawon ƙwai.

Tsananin nan yana da tushe. A tsibirin Henderson da ke kudancin tekun Fasifik, an watsa guba da jirage masu saukar ungulu a 2011, aka yi zaton an gama, sai ga ɓera a shekarar da ta biyo baya. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa waɗanda suka tsira ba su kai 100 ba, amma cikin 'yan shekaru sun koma dubun-dubata, kuma ana danganta tsirarsu da ruwan saman da ya sauka kafin aikin ya wadata su da furanni da 'ya'yan itace. A tsibirin Gough na kudancin Atilantika, inda ƙananan ɓerayen gida ke cin 'ya'yan manyan tsuntsayen teku da ransu a cikin sheƙa, an yi aikin a 2021 bayan shiri na shekaru, kuma a watan Disamba na shekarar kyamara ta ɗauki hoton ɓera guda. Waɗanda suka yi waɗannan ayyuka ƙwararru ne da suka fi mu kayan aiki nesa ba kusa ba. A ɗaya ɓangaren kuma akwai tsibirin Jojiya ta Kudu, shi ma a kudancin Atilantika, inda aka watsa fiye da tan 300 na abincin guba tsakanin 2011 da 2015, aka bi tsibirin da karnuka masu shinshina, sannan aka bayyana shi a matsayin wanda ya rabu da ɓera a 2018.

Abu na biyu da na koya ya fi wuyar haɗiyewa, wato cire baƙo ɗaya yakan saki wani. A tsibirin Macquarie, tsakanin Ostareliya da yankin ƙanƙara na kudu, an gama kawar da kyanwowi a shekarar 2000 don ceton tsuntsaye, a daidai lokacin da cutar da aka sa wa zomaye tun 1978 take rage ƙarfi. Zomaye suka haura 100,000, suka cinye ciyayin gangare har ƙasa ta riƙa zaftarewa, garin gyaran gira aka kusa rasa ido. Sai da aka dawo aka haɗa zomaye da ɓeraye manya da ƙanana a aiki guda, wanda ya ci kusan dalar Ostareliya miliyan 25, kafin a tabbatar da tsarkin tsibirin a 2014. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan daidai ƙarfinmu, domin ɓerayen da ke cin ƙwai su ne kuma ke cin irin wata baƙuwar ciyawa mai yaɗo, kuma da suka kau sai ta tsiro ko'ina a bakin gaɓa, muka koma masu cirar ciyawa da hannu. A tsibirin Palmyra na tekun Fasifik ma, bayan an kawar da ɓeraye a 2011, tsiron itatuwan asali ya yawaita ƙwarai, amma haka na kwakwa, wadda mutane suka dasa, ya yawaita har ya zama aiki na daban.

Ba zan ɓoye ba, akwai ɓangaren aikin da har yanzu ba na jin daɗin tunawa da shi. Mutuwar da gubar ke kawowa ba mai sauƙi ba ce, kuma ɓeran bai zaɓi zuwa tsibirin ba, jiragenmu ne suka kawo shi. Haka kuma gubar ba ta tsayawa a kan wanda aka nufa. A tsibirin Pinzón, ɗaya daga cikin tsibiran Galafagos na tekun Fasifik, an kama shahunan wurin an tsare su kafin aikin 2012, amma bayan an sake su da dama sun mutu, saboda sun ci ƙadangarun da gubar ta saura a jikinsu. Mu kanmu kullum da asuba muna zagayawa muna tsince gawarwakin da ke fili muna binnewa, kuma duk da haka mun tsinci tsuntsayen gaɓa biyu a mace. Hukuncin da na yanke wa kaina shi ne aikin ya halatta idan an yi shi sau ɗaya an gama, domin a Pinzón ɗin nan ne aka ga 'ya'yan kunkuru da suka ƙyanƙyashe a daji suka rayu, karo na farko cikin fiye da shekara 100. Wanda ya yi shi da sakaci har aka sake maimaitawa, shi ne ya ninka wahalar dabbobin a banza.

Bayan zuba guba sai jira, kuma bisa al'adar aikin ba a cewa an yi nasara sai an shafe kamar shekara biyu ba a ga alama ba, domin ɓeraye ƙalilan ba sa ganuwa sai sun hayayyafa. Na samu komawa a zagayen bincike na biyu. Tun daga cikin kwale-kwale warin kashin tsuntsaye ya tarbe mu, wari mai hawa kai wanda a da babu shi, kuma ban taɓa zaton zan yi murna da irinsa ba. Kashin nan taki ne da tsuntsaye ke kwasowa daga teku su zube a tudu, ruwan sama kuma ya mayar da wani ɓangarensa cikin ruwan gaɓa. Wani bincike da aka wallafa a 2018 kan tsibiran Chagos na tekun Indiya ya nuna cewa kifayen da ke kewayen tsibiran da babu ɓera sun fi saurin girma, kuma jimillar nauyinsu ta fi ta kewayen masu ɓera da kusan rabi. A ƙarƙashin itatuwa, inda a da ƙasa take fayau kamar an share, tsiro ya kai gwiwa, har layukan da muka sha wuyar sarewa sun soma ɓacewa.

Aikinmu a wannan zuwan shi ne duba ƴan dunƙulen kaki masu ƙamshi da aka kafa a kan layuka, da faifan tawada da ke cikin bututu don ɗaukar sawu. Haƙoran ɓera suna barin layi biyu a jere, santala-santala, kaguwa kuwa yagar kakin take yi ba tsari. A alama ta kusa da inda masunta ke ɗaure jiragensu na ɗauki wani dunƙule na ga kamar layi biyu, gabana ya faɗi, na zauna a kan yashi ina jujjuya shi a rana. Muka kewaye wurin da tarkuna da kyamarori har dare biyar, abin da ya fito a hoto kuwa wata ƙaramar kaguwa ce mai karyayyen hannu. Duk da haka ba a kwashe tarkunan ba, an bar su a wurin dindindin, kuma an ba kowane jirgin masunta akwatin guba da zai riƙa ajiyewa a cikinsa, bayan zaman da aka yi da su wanda ya fi sare kurmi cin lokaci.

Kafin a bar ni na hau kwale-kwalen zuwa wannan karon, sai da aka zazzage jakata a ɗaki rufaffe, aka juya aljihuna, aka goge ƙasan takalmana da buroshi. A cikin naɗin safata aka ciro ƙwayoyin irin wata ciyawa guda uku masu ƙaya, waɗanda ban san inda na kwaso su ba. Mai binciken ta sa su a ƙaramar leda, ta rubuta kwanan wata a jiki, sannan ta ce in kawo ɗaya safar.