Godiya ga malaman da suka sa fayilolin MIDI suka yi sauti

Assalamu alaikum. A madadin masu haɗa kiɗa da suka halarci bitar da aka kammala, muna miƙa godiya ga malamanmu biyu, da mai situdiyon da ya ba da ɗaki da janareta bai karɓi ko kwabo ba. Allah Ya saka da alheri.

Babban malaminmu ya cancanci yabo na musamman, domin ya faro bayani daga tushe: fayil ɗin MIDI ba ya ɗauke da sauti ko kaɗan, umarni ne kawai, wane maɓalli za a danna, da wane ƙarfi, na tsawon wane lokaci. Shi ya sa za ka ga kiɗa yana tafiya a allo amma sifika shiru. Sai an haɗa kowane layi da kayan kiɗa na cikin kwamfuta. A manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, in fayil ya shigo da MIDI Out, wato abin da ke tura umarnin zuwa kayan kiɗa, dole lambar da ke gidan Port ta zama ɗaya da lambar shigarwa ta kayan kiɗan, in 1 ce nan, 1 ce can. A Kontakt kuma, wato manhajar da ke ɗauke da sautukan kayan kiɗa, kowane kayan kiɗa sai an ba shi tasharsa cikin tashoshi 16, in ba haka ba duk su amsa kira ɗaya, sauti ya cakuɗe.

Batun ganguna ne ya fi ɗaukar lokaci, kuma ya dace. A tsarin bai-ɗaya na General MIDI na 1991, tasha ta 10 ta ganguna ce: lamba 36 babbar ganga, 38 ƙarama, 42 faranti a rufe. Wanda ya tura wannan tasha ga fiyano zai ji ƙwanƙwasa marar kan gado. Malam ya nuna yadda ake matsar da lambobin in kayan gangar ba su bi wannan jeri ba.

Muna gode wa malami na biyu kan fayilolin da aka fitar daga fiyanon Yamaha PSR, wanda situdiyoyin Kano suka saba da shi. Sau da yawa fayilolin sukan zo a tsari na 0, wato komai a layi guda, sai an rarraba su tasha-tasha. Manhajar haɗa kiɗa ta Cubase tana iya yin hakan tun wajen shigarwa. Malamin ya kuma sa kowa ya buɗe farkon fayil ya goge saƙon sauya murya, ya duba lambobin sarrafawa 7 da 11 masu kula da ƙarfin sauti, domin in ɗayansu ya sauka sifili, duk haɗin da ka yi daidai ba za ka ji komai ba. Lamba 64 kuwa, mai riƙe sauti, in ta maƙale, sauti ya yi ta ja ba ya yankewa.

Ga 'yan'uwan da suka kawo fayilolinsu aka gwada a gaban kowa, mun gode da wannan karamci. Waɗanda suka taso daga nesa, Allah Ya mai da ku gida lafiya.